Satar da Keziah Ta Yi da Gangan

A garin Hobart, in ka tambayi tsohon fursuna abin da ya kawo shi wannan tsibiri, to ka nemi wurin zama, don labarin zalunci za ka sha. Wannan ƙazafi aka yi masa, wancan tsintuwa ya yi, wata kuma uwar ɗakinta ce ta ba ta zoben da hannunta sannan ta manta. Jiragen Ingila sun shekara hamsin suna juye ɓarayi a bakin ruwan nan, amma ka nemi wanda ya taɓa sata ka rasa. Mutum ɗaya ce ba ta wannan kwana-kwana, wato Keziah Mudge, tsohuwa mai wanki da guga a layin bayan kasuwa. Ita in ka tambaye ta, ko kai ba ta ɗagowa daga kan guga.

"Sata na yi, ɗan nan," in ji ta. "Da rana tsaka. Kuma sai da na sha wuya kafin a yarda a kama ni."

A wani ƙauye da ake kira Marlby aka haife ta, can tsakiyar Ingila. Tun tana 'yar shekara tara hannunta ke cikin ruwan sabulu, tana taya uwarta wankin gidan fasto da na manyan manoma. Gaskiyarta har haushi take ba mutane. Maɓalli ɗaya in ya cire a kwanon wanki, sai ta taka mil biyu ta mayar wa mai shi. Tana shekara goma sha tara ta auri Jabez Mudge, magini, ƙaton mutum mai ƙarancin magana wanda in ya ɗora dutse kan dutse ko wuƙa ba ta shiga tsakaninsu. Sun haifi biyu, sun binne biyu, suka rage daga ita sai shi a ɗaki ɗaya mai rufin ciyawa.

Sanyin shekarar 1821 ne ya karya su. In ƙanƙara ta sauka gini ba ya kamawa, magini kuma sai zama. Sati goma sha ɗaya Jabez bai taɓa dutse ba, kuɗin wanki ko burodi ba ya isa. Rannan ya shigo da agwagi biyu a ƙarƙashin riga, na Gideon Sprake, manomin da rabin gonakin Marlby ke hannunsa. Ɗaya kawai suka samu suka ci. Gashin ne ya tona asiri, iska ta kwashe shi daga bayan ɗaki ta watsa a kan hanya.

Shekara bakwai a ƙetaren teku. Haka alƙali ya faɗa, ko numfashi bai ja ba ya kira fursuna na gaba. Agwagwa biyu, jama'a, ɗaya ma an mayar wa mai ita da ranta! Keziah na tsaye a bayan kotu, sai da ta tambayi matar da ke gefenta ko wata bakwai aka ce. Bayan sati uku ta ga an loda shi a keken doki da sarƙa a ƙafa, su tara, aka nufi kudu da su.

A Marlby kowa ya san ma'anar wannan. Duk wanda alƙali ya ce masa ƙetaren teku, Botany Bay ya tafi, can ƙarshen duniya, tafiyar wata biyar a ruwa, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba. Mata suka yi ta shigowa suna yi mata gaisuwa kamar ta mutuwa. Fasto ya ce ta yi haƙuri, in Jabez ya zauna da kyau a can zai iya rubutowa hukuma ta kai masa matarsa. Ta yaya zai rubuto, mutumin da ko sunansa da gicciye yake sa hannu? Ita ma ko an rubuto ba ta iya karantawa. Ta jira shekara ɗaya, ta jira biyu, ta shiga ta uku. Kewarsa ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, har ta kai in ta ɗauko kwano ɗaya don cin abinci sai ta ji abincin ya fita ranta.

A nan ne ta je wurin Goggo Tibbet, tsohuwa mai sayar da ƙwai wadda 'ya'yanta biyu da ɗan ƙanwarta duk jirgi ya kwashe. A kan sha'anin kotu, ƙauyen ba su da lauyan da ya fi ta.

"Goggo, nawa ne kuɗin jirgi zuwa can?"

"Ke da wa? Ko kin wanke rigunan gundumar nan kaf har ki tsufa ba ki tara shi ba."

"To ba wata hanya?"

Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa. "Akwai wadda Sarki ke biya. Amma ba ta irinki ba ce, 'yar mai mayar da maɓalli."

"Faɗa mini, Goggo."

"To buɗe kunne, don awo ne da shi. Abin da bai kai sule ba, bulala za su yi miki su sake ki, kin sha duka a banza. Abin da ya kai fam biyu a cikin gida, igiyar rataya ce. Tsakaninsu, nan jirgi yake. Kada ki fasa ƙofa, kada ki taɓa tunkiya, kada ki kusanci doki." Ta ci gaba da jera ƙwai. "Ni dai ban ce ki yi ba."

Keziah ta kwana uku tana juya abin. Shekara huɗu suka rage wa Jabez, ita za a ba ta bakwai. To me? Ƙasa ɗaya za su zauna, in ya gama nasa sai ya jira ta. An ce ma a can ana haɗa mata da miji a gidan ubangida ɗaya. A rana ta huɗu ta yanke shawara, ta ɗauke rigar fasto mafi kyau daga cikin wanki ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta, sannan ta gaya wa maƙwabciyarta, wadda ba a taɓa gaya mata abu ya kwana ba.

Washegari sai ga matar fasto da kanta. "Keziah, ashe a wurinki rigar ta maƙale? Allah ya yi miki albarka da kika adana ta. Tunani ya yi miki yawa, baiwar Allah." Ta karɓi riga, ta bar mata rabin burodi.

Ranar kasuwa ta sake gwadawa. Ta tsaya gaban mai cuku, ta ɗauki dunƙule guda yana kallon ta, ta sa a kwando ta juya tana tafiya a hankali don ya cim mata. Ya cim mata kuwa, ya dafa kafaɗarta, idonsa cike da ƙwalla.

"Matar Jabez, har abin ya kai haka? Ai da kin yi magana. Riƙe, ga wani ki ƙara."

Ta koma gida da cuku biyu, ta zauna ta yi kuka na takaici. Goggo Tibbet ta yi dariya har da tari. "Ke shashasha ce? Kin manta wanda aka yi wa sata shi ke kai ƙara, da kuɗinsa da ƙafarsa? Wa zai ɓata kwana biyu a kotu a kan cuku? Ba kaya za ki zaɓa ba, mutum za ki zaɓa. Nemi mai baƙin ciki."

Mai irin wannan zuciya a Marlby ɗaya ne. Ranar wata Talata da hantsi, Keziah ta bi ta gonar Gideon Sprake, inda aka shanya zanen teburin matarsa a kan shinge, farin lilin mai aiki a baki. Ta san kuɗinsa, ita ke wanke shi: sule goma sha biyar, bai yi ƙasa ba bai yi sama ba. Ta naɗe shi, ta ɗora a kafaɗa, ta ratsa ƙauyen tun daga rijiya har ƙofar coci tana gaida mutane, ta zauna a kan dakali. Sprake bai ba ta kunya ba. Kafin rana ta take ya iso da ɗan doka, yana kumfar baki yana cewa ai jinin gidan ne.

Ƙauyen ya girgiza. Keziah? Keziah mai wanki? Mutane suka rantse asiri aka yi mata ko kuwa ta taɓu. Da alƙali ya zo zagayensa, sai ga su sun cika keken doki biyu sun biyo ta babban gari don ba da shaidar halinta. Ta hango su daga inda take tsaye. Fasto ya miƙe ya yabe ta, mai cuku ya yabe ta, har labarin maɓalli sai da aka kawo. Ta ga mutum goma sha biyun nan masu yanke laifi suna haɗa kai suna raɗa, ta kuwa san abin da suke yi in tausayi ya kama su: sai su ce kayan bai kai sule ba, a yi bulala a sallama. Alherin mutane zai kashe ta.

"Ranka ya daɗe," ta ce, ba wanda ya ba ta izinin magana. "Sule goma sha biyar ne, ni ke wanke shi. Da hankalina na ɗauka. In kuka sake ni, gobe zan koma in kwashe sauran."

Matar fasto ta rufe baki da hannu. Alƙali ya leƙo ta saman gilashinsa, ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin mace mai bushewar ido haka ba. Shekara bakwai a ƙetaren teku.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji Keziah, har da rusunawa.

Wata huɗu ta yi a kurkukun gunduma. Da kaka aka kwashe su zuwa London, aka gangara da su Woolwich a bakin kogin Thames, inda jirgin mata ke tsaye ana cika shi. Mata ɗari da ashirin, wasu na kuka, wasu na zagi, wasu sun sandare ba uhm ba uhm-uhm. Keziah kaɗai ke share wurin kwananta tana 'yar waƙa. Wadda aka haɗa su gado, wata Bet, 'yar London mai yankan aljihu da wannan ne kamunta na biyar, ta ɗauka mahaukaciya aka haɗa ta da ita. Da ta ji labarin sai ta riƙe baki.

"Don namiji? Ke 'yar ƙauye, da gaske kike? Ni da ƙafata ban taɓa bin namiji ko zuwa ƙarshen layi ba."

Can gaba kaɗan a kogin akwai wasu tsofaffin jiragen yaƙi, baƙaƙe, an sare sandunansu, an ɗaure su wuri ɗaya. Kowace safiya kwale-kwale ke fitowa daga cikinsu cike da maza masu sarƙa, a kai su gaɓa aikin gina bakin ruwa, kuma hanyarsu ta ƙarƙashin jirgin mata take bi. Matan kan taru a gefe suna tsokanar su. Keziah ba ta shiga wannan, ita ruwa take ɗiba. Safiya ta uku tana janyo guga, sai idonta ya sauka kan wasu hannuwa da ke riƙe da filafilin tuƙi. Hannuwan ta fara ganewa kafin fuskar, don fuskar ta zube, gashin ya yi fari.

Guga ya kufce mata ya faɗa ruwa.

"Jabez."

Ya ɗago. Filafilin ya tsaya a hannunsa har na bayansa ya buge shi. Ya dubi jirgin, ya dube ta, ya sake duban jirgin, kamar mai neman wata ma'ana dabam.

"Keziah? Me kike yi a nan?"

"Kai na biyo."

Gandiroba ya daka tsawa, kwale-kwale ya wuce. Keziah ta ruga wurin Bet da murna. Ga shi nan, da ransa, ashe ma bai riga ta tafiya ba. Ƙila jirginsu na bayan nasu ne, ƙila tare za su isa. Tana magana tana dariya, sai ta lura Bet ba ta dariya.

"Shekara nawa kika ce da yanke masa?"

"Uku da rabi."

"Kuma magini ne?" Bet ta zauna a kan ganga. "'Yar uwa, wa ya ce miki duk wanda aka yanke wa teku yana ƙetarawa? Waɗancan jiragen ba sa zuwa ko'ina. Mai sana'a a hannu ba sa barin sa ya tafi, aiki suke sa shi a nan. In ya haura rabin wa'adi bai yi rigima ba, su sallame shi ya koma gida. Ko yaron goye a London ya san wannan."

"Ƙarya kike."

"Ina ma ƙarya nake."

A Marlby ba wanda ya san wannan. Fasto bai sani ba, Goggo Tibbet da duk iliminta ba ta sani ba, don nata 'ya'yan da gaske jirgi ya tafi da su. Shekara uku da rabi mutumin nan yana nan, tafiyar kwana uku a ƙafa daga ƙofar ɗakinsu. Da ta sani, da takawa kawai za ta yi.

Washegari tun kafin kwale-kwale ya fito tana gefen jirgi. Da suka zo daidai ta sunkuyo.

"Yaushe naku jirgin zai tashi?"

"Ba jirgi, Keziah." Muryarsa a dishe. "Sallamata za su yi bayan bikin Ista. Wata biyar ya rage. Na ce sai in zo miki da kaina, ba da saƙon kunya ba." Sandar gandiroba ta sauka masa a kunne, bai ko kauce ba. "Nawa suka ba ki?"

Ta ɗaga yatsu bakwai.

Ranar ta durƙusa gaban likitan jirgi, wanda matan ke hannunsa. Ta ce kuskure aka yi, ita ba ɓarauniya ba ce, a tambayi duk Marlby. Ya saurare ta da kyau, mutumin ba mugu ba ne. Ya tambaye ta ko ta ɗauki zanen. Ta ce ta ɗauka. Ko ta amsa a gaban alƙali? Ta amsa. To, ya ce, shi bai ga inda kuskuren yake ba, kuma jibi in ruwa ya cika za su tashi. Matar da ta yi wata da watanni tana neman wanda zai yarda ita ɓarauniya ce, yanzu ta rasa wanda zai yarda ba ita ba ce.

Safiyar ƙarshe Jabez ya canza wuri da wani ya zauna a gefen da ya fi kusa da jirgin, kunnensa ɗaure da tsumma. Tun daga nesa ya fara magana, shi da ba ya haɗa kalma biyar a yini.

"Kada ki damu. Suna sakina zan biyo ki. Yadda kika yi haka zan yi."

Bet na tsaye kusa da ita, ta finciki hannunta. "Hana shi. Wanda aka yi wa afuwa ya sake yin laifi, ba jirgi suke ba shi ba. In alƙali ya tashi da ƙafar hagu, rataye shi za su yi. Na ga biyu da idona."

Kwale-kwale na tafiya, abin da ya rage bai fi numfashi goma ba. Keziah ta dubi mijinta, mutumin da ta zubar da sunanta da ƙauyenta da ƙasarta don ta zauna kusa da shi, ga shi yana cewa zai zo. Abin da take so ke nan a duniya, ba wani abu ba.

"Kada ka kuskura," ta ce. "Ka ji ni, Jabez? Ko tsinke kada ka taɓa. Rantse."

"Keziah..."

"Rantse mini da Allah, ina ji."

Sanda ta sauka masa a baya, ta sake sauka. Ya ɗaga hannun dama sama, sarƙa na lilo, ya rantse. Da azahar jirgin mata ya ɗaga, ta tsaya tana kallon masu aiki a gaɓa har suka zama ba a bambance wani da wani.

Ba Botany Bay ma aka kai su ba, nan Hobart aka sauke su. Ta yi shekara bakwai ɗinta cif tana wanki a gidajen mutane, ba a taɓa rubuta mata laifi ko ɗaya ba. Da ta gama aka ba ta takardar 'yanci, aka ce ta tafi inda take so. Sarki na biyan kuɗin zuwa ne kawai. Namiji kan yi aikin jirgi ya koma, mace kuwa sai dai ta tsaya a bakin ruwa ta yi kallo. Masu neman aurenta sun zo, don mata sun yi ƙaranci a lokacin, ta ce musu tana da miji.

Sau ɗaya ta sami labarinsa, shekara goma sha biyu bayan rabuwarsu, daga bakin wata yarinya 'yar ƙauyen da ke kusa da Marlby da aka kawo a kan satar takalmi. Yarinyar ta san shi sarai. Yana nan, yana zaune a gidan ƙanwarsa, shi ya sake gina katangar coci. Bai yi aure ba. Har misali ake yi da shi, wai ko tuffa ce ta faɗo daga bishiya a kan hanya, Jabez Mudge sai ya kewaye ta ya wuce.

Keziah ta ba yarinyar shayi da burodi, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna a gaban kwanon wanki har ruwan ya huce. Ta kai shekara tamanin da ɗaya a duniya tana guga. Duk wanda ya ji labarin nan daga bakinta yakan ce ai ta kyauta, ta ceci ransa. Ita kuwa sai ta dangwarar da dutsen guga, ranta a ɓace kamar jiya abin ya faru.

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune da mutumin nan," in ji ta, "bai taɓa jin maganata ba ko sau ɗaya. Sai wannan."